Hoton da ke Shafi na Uku

Sai da Auta ta kama wa ma'aikacin ɗakin karatun kafin su iya ɗora kundin jaridun a kan tebur. Bangonsa baƙi ne, ɗinkinsa ya saki, gefen takardun ya koma launin shayi. Dattijon ya goge shi da hannun rigarsa, ya turo mata kujera.

"Shekarar da kika ce ke nan, 'yata. Wata shida ne a nan, sauran shidan ruwa ya cinye su tun da rufinmu ya fara yoyo. Ki buɗe a hankali, sun girme ki."

"Da wata uku kacal, Baba."

"Ko da kwana ɗaya ne, yayyenki ne," ya ce, ya koma wajen zamansa yana jan ƙafa.

Auta ungozoma ce a asibitin unguwa. Kullum ta ƙofar ginin nan take wucewa, amma ba ta taɓa leƙowa ba sai yau. Innarta ce kwance wata biyu ke nan, ƙoda ta gaza, likitoci har sun daina sauya mata magani. Ba ta neman komai sai abu guda: ta sake ganin fuskar mijinta. Ya rasu a gobarar masaƙa tun Auta na ciki, hotunansa kuma sun salwanta a yawan tashi daga wannan gida zuwa wancan. Inna ta ce jarida ta taɓa buga ɗaya.

Labarinsa kuwa Auta ta haddace shi tun tana 'yar firamare. Mai gyaran lantarki ne. Ya riga ya tsira, ya ji ihun abokan aikinsa, ya koma ya fito da mutum biyu, a komawa ta uku rufi ya rufta masa. Da wannan labari ta yi tinƙaho a makaranta, da shi ta daure duk ranar da aka kira ta marainiya.

Ɗakin shiru, sai ƙugin fanka. Ɗalibai uku sun haɗa kai a kan littafin lissafi. Wata tela tana kwafar zanen riga daga mujalla, wani tsoho kuma ya yi matashi da ƙamus yana sharar barci. Auta ta yi ta juya shafuka, tallan sabulu, sakamakon ƙwallo, sanarwar cigiya, har yatsunta suka yi baƙi.

A shafi na uku na wata Talata ta gan shi. Ba ta buƙaci karanta suna ba. Goshinta ne, da ƙaramin haɓarta, a jikin wani saurayi mai gashin baki wanda yanzu ta girme shi da shekara goma sha wani abu. Ta ɗora yatsa a kan kumatunsa, idonta ya ciko. Sannan ta sauke ido kan rubutun da ke ƙasa.

Kwamitin bincike, in ji jaridar, ya ɗora alhakin gobarar a kan wannan ma'aikaci, wanda ya haɗa waya ba bisa ƙa'ida ba duk da an gargaɗe shi. Mutum bakwai suka mutu. An jera sunayensu. Babu inda aka ce ya ceci kowa.

Sau uku tana karantawa, ko rubutun zai canza. Ta ji kamar ta rufe kundin ta ce ba ta samu ba, amma ta tuna yadda Inna ta riƙe mata hannu da safe.

"An dace?" Dattijon ne tsaye a kanta. Ya dubi shafin ta saman tabarau, ya dube ta, ya kawar da kai. "Duka shafin za a kwafa, ko hoton kaɗai?"

"Hoton kaɗai."

Suka kai kundin wajen injin kwafi. Ya rufe rubutun da farar takarda, injin ya yi gurnani ya tofo fuskar. Sai kuma ya zare farar takardar ya sake dannawa, ya ninke kwafi na biyu ya miƙa mata.

"Ban ce ki nuna wa kowa ba. Amma kundin nan ba zai ga wata daminar ba."

Bayan la'asar ta isa gida. Ta tayar da Inna zaune, ta jingina ta da matasai, ta sa mata tabarau. Tsohuwar ta riƙe hoton da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, har murmushi ya suɓuce mata.

"Ja'iri. Sai da na ce ya aske gashin bakin nan." Ta juya takardar, ta sake juyowa. "Ina rubutun da ke ƙasa?"

"Ya goge, Inna. Dama yabonsa ne aka yi, yadda ya koma cikin wuta..."

"Auta." Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta tsayar da ita. "Ni na kai masa abinci ranar. A gabana ya fito da mutum biyun nan, bayansa na cin wuta. Jarida ba ta faɗa ba, shi ya sa na faɗa miki. Wayar kuma shi ya haɗa. Shi ma ya sani, shi ya sa ya ƙi tsayawa a waje."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta buɗe jaka, ta ciro takardar da aka ninke mata.

"Akwai sunayen waɗanda suka rasu?" Inna ta tambaya.

"Akwai. Su bakwai."

"Shekara arba'in ina yi wa mutum ɗaya addu'a, shidan na kasa ambaton su." Ta cire tabarau, ta lumshe ido, ta buɗe tafukanta a kan cinya. "Karanto min. Kada ki yi sauri."

Auta ta gyara murya, ta fara da na farko.