Kwano Ashirin

Oksun ta cusa tukunya ta biyu a bayan 'yar motarta ta ɗaukar kaya, ta ja igiya ta ƙulle, tururin injin curin shinkafa yana bin ta har bakin shago. Saura kwana biyu Sollal, bikin sabuwar shekara, kuma duk garin Gunsan ba gidan da zai wayi gari ranar babu miyar tok, wato miyar curin shinkafa. Tun asuba injin yake fitar da dogayen sandunan curin shinkafa masu zafi, mata sun yi layi har shagon mai takalma.

"Ke Oksun, kanki ɗaya kuwa?" in ji Pyo mai kifi, maƙwabciyarta a kasuwar. "Ranar da ake cinikin shekara za ki rufe shago ki tafi sauraron tatsuniyar yara?"

"Awa biyu kacal. Littafin ƙanwata ne."

"Oho, wanda kike ciki? To ki ce su zana ki ba tumbin nan."

"Ki ji da warin kifinki," in ji Oksun tana dariya, ta ja ƙofa.

A jakarta akwai wani tsohon kwanon ƙarfe mai lanƙwasa a baki. Shekara arba'in da biyu tana ajiye da shi, yau za ta ba ƙanwarta Miran.

Oksun tana da shekara goma sha biyu uwarsu ta ɗauki akwati ta fita, ana sauran mako guda biki. Uba yana teku, in ya dawo ma kwalba ce abokiyar hirarsa. Safiyar Sollal Miran, 'yar shekara biyar, ta ƙi cin komai, tana ta kukan uwa. Kowane yaro ya san ba a ƙara shekara sai an sha kwano ɗaya na miyar tok ranar. Sai Oksun ta zauna gabanta ta sha kwano uku, ta zagaya bayan gida ta amayar, ta dawo ta ce, "Kin gani? Ashirin na sha. Yanzu shekarata talatin da biyu. Ni ce uwarki." Miran ta share hawaye ta ci abinci. Oksun kuwa ba ta sake komawa makaranta ba bayan hutun nan.

Da Miran ta kira ta daga Seoul a watan jiya ta ce littafinta na yara ya fito, sunansa *Kwano Ashirin*, sai da Oksun ta zauna a kan buhun shinkafa ta yi kuka. Ita da kanta ta ce za ta dafa wa yara miya kyauta ranar da za a karanta musu littafin a ɗakin karatu na garin.

Zauren ɗakin karatun ya cika da yara cikin rigunan biki, sun zazzauna a tabarmar roba. Oksun ta kafa tukwanenta a baya, ta ɗaura gyalen girki, ta ɗaga wa ƙanwarta hannu. Miran ta yi mata wani guntun murmushi, ta yi sauri ta kau da kai. Oksun ta ɗauka tsoron taro ne, ai tun tana ƙarama haka take.

Aka kashe fitila, hoton farko ya hau bango. Gidansu ne, har da tagar da suka toshe da kwali. Ga kwanon nan, da lanƙwasarsa da komai. Zuciyar Oksun ta yi fari tas.

Miran ta fara karantawa. Wata yarinya ce ta tambayi mahaifiyarta, "Yaya aka yi kika zama uwata?" Mahaifiyar ta ce, "Dā ni ma yarinya ce. Na ƙagu in gan ki, sai na sha kwano ashirin a safiya ɗaya." Yara suka kwashe da dariya suna ƙirga kwanuka da ƙarfi. Oksun ta tsaya da ludayi a hannu tana jiran shafin da yayar za ta shigo. Shafi goma, sha biyar, ashirin da huɗu. Akwai kare a littafin, akwai ma wata tsuntsuwa mai hular sanyi. Yaya ce babu.

Fitila ta dawo. Miran ta ce, "Wadda na sadaukar wa littafin tana nan tare da mu. Mahaifiyata."

Wata tsohuwa ta miƙe a layin gaba cikin sabuwar riga ruwan hoda, tana dogara sanda, tana sunkuyar da kai ana tafi. Oksun ta gane ta nan take. Yadda take karkata wuya hagu bai canja ba.

Ba ta san lokacin da ta isa gefen dandamali ba. Ta kama hannun Miran ta ja ta lungun da ake rataye rigunan sanyi.

"Yaya, bari in yi miki bayani."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku. Ita ta neme ni. Ba ta da lafiya, Yaya, ɗaki ɗaya take zaune ita kaɗai."

"Shekara uku kina zuwa gidana kina cin abincina, bakinki a rufe."

"Na san halinki. Da kin hana ni."

"Ban tambaye ki ita ba. Ki kai ta asibiti, ki goya ta ma in kin ga dama. Kwanon fa? Wa ya sha?"

Miran ta dubi ƙasa. "Da farko ke na zana, ki yarda da ni. Masu bugawa suka ce littafin biki na uwa da 'ya ne, iyaye ba za su saya wa yaransu labarin uwar da ta gudu ba. Na ƙi, na ƙi, daga baya na zauna na zana uwar, sai na ji ina so. Ban taɓa samun uwa ba, Yaya. Na ce bari in samu ko a takarda ne."

"Ba ki taɓa samun uwa ba."

"Ba haka nake nufi ba. Ai ke kin san gaskiya, ni ma na sani. Me ya rage?"

Oksun ta ji ciwon ya sauka har ƙashinta. Ba littafin ne ya fi ƙona ta ba, sauƙin da maganar ta fito da shi ne. Ta buɗe baki, sai ma'aikaciyar ɗakin karatun ta leƙo ta ce yara sun yi layi, miya za ta huce.

Ta koma ta zuba. Hannu ya saba, ba ya neman izinin zuciya. Kwano, miya, ƙwai, busasshen ganyen teku, na gaba. Can sai ga sanda ta tsaya gaban teburin, Miran tana riƙe da hannun tsohuwar, mai ɗaukar hoton jarida a bayansu.

"Ke mai miya," in ji tsohuwar, "ki rage min ruwan. Kuma gishirinki ya ɗan yi yawa."

Oksun ta dubi ƙanwarta, ta ba ta lokaci. Kalma huɗu kawai ake buƙata: Mama, Oksun ce wannan. Leɓen Miran ya motsa. Mai hoto ya ce su matso kusa su yi murmushi, suka matsa, suka yi.

Oksun ta rage ruwan ta miƙa da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa kowane babba. Ta sa ƙafa ta tura jakarta ƙarƙashin tebur, kwanon ya yi 'yar ƙara a ciki.

Layi ya kusa ƙarewa sai wata yarinya mai giɓi ta dawo da kwanonta wayam, littafin a hammatarta, ƙaninta na riƙe da gefen rigarta.

"Goggo, ƙara min. Na biyu ke nan, saura sha takwas."

"Me za ki yi da su?"

"In girma yau-yau. Gaskiya ne yana yi?"

Oksun ta tsuguna har idonsu ya daidaita. "Yana yi," ta ce. "Na san wadda ta gwada."

"To zuba min!"

Oksun ta karɓi kwanon daga hannunta ta ɗora kan na wanki, ta mayar da murfin tukunyar.

"Ɗaya ya ishe ki bana. Je ki yi wasa."