Ba Yawun Kulu Ba Ne

Gidan hayar Malam Lawan da ke Gyaɗi-Gyaɗi ɗaki tara ne, rijiya ɗaya. Duk maganar da aka yar a bakin rijiyar nan da safe, kafin azahar ta zaga lungu ta dawo da 'ya'ya da jikoki. A nan Kulu ta yi kuskuren rayuwarta, kuma da wasa ta yi shi.

Shekara takwas ke nan tun rasuwar mijinta tana aikin shara da wanke kwalabe a wani ɗakin bincike da ke asibitin koyarwa. A ɗakin ana kiwon sauro cikin keji mai raga. Tun da sauro ba ya ƙwai sai ya sha jini, akan ɗumama jini a wata 'yar tasa, a rufe bakinta da leda mai laushi kamar fata, a kifa musu. Kulu ce ke wanke tasar. Wata safiya mata suna mata tsiya wai tana sauri kamar likita, sai ta ce, "Ku bar ni, 'ya'yana na can suna jiran jininsu da ɗumi." Aka yi dariya, aka tafa, kowa ta ɗauki bokitinta.

Bayan wata biyu Mufida ta kwanta. Mufida 'yar Auwalu ce, maƙwabcin Kulu a gidan, mai sayar da katifun gwanjo a Tarauni, shekararta biyar. Kullum sai ta wayi gari da kumburi a wuya da dantse, ja-ja-wur, a jere uku-uku kamar an auna. Wasu su yi ruwa su fashe. A zanen gado kuma ana ganin ɗigon jini. Ta sosa har gyambo ya kama, zazzaɓi ya shigo, cikin zafin jikin ta riƙa kiran Inna Kulu, don Kulu ce mai kawo mata gyaɗa soyayya in ta taso aiki.

Shi ke nan. Dariyar da aka yi wata biyu baya aka tono ta, aka kakkaɓe, ta zama shaida.

Ran Asabar da hantsi Kulu na tsinke zogale a ƙofar ɗakinta, Malam Lawan ya yi sallama ya tsaya daga nesa, bai zauna ba. Matan gidan sun fito sun jeru jikin bango, kowacce ta riƙe ɗanta gam. Khadija, uwar Mufida, tana rungume da yarinyar, idonta ya kumbura don kuka. Auwalu yana can baya yana kallon ƙasa.

"Malama Kulu," in ji mai gidan, "ba wanda ya ce kin yi wani abu."

"To me ya tara ku, Malam? Suna ake yi?"

Ya gyara murya. "Yarinya ce ke ambaton sunanki. Kin san al'ada. Ki tsallaka ta sau uku, ki kuskure baki a ba ta ruwan ta sha. In ba ke ba ce, ba abin da ya ragu a jikinki."

Kulu ta ajiye tiren zogale a hankali. Ta gane tarkon sarai. In ta tsallaka, ta amsa sunan mayya da ƙafarta, kuma in Allah ya kawo sauƙi a ce ai da ta saki kurwar ne aka samu lafiya. In ta ƙi, a ce ta ƙi saki. Duk ta inda ta bi, sunan na nan yana jiranta, kuma suna ne da ba ya mutuwa da mai shi, har jikoki sai an nuna su da baki.

"Khadija," ta ce, "ni na yi miki wankan jego. Kawo ta nan in gani."

Khadija ta ja da baya. "Daga nan ma kina ganinta, Inna."

Wannan ja da bayan ya fi maganar Malam Lawan ciwo. Kulu ta haɗiye, ta miƙa wuya ta duba. Kumburi uku a jere ƙarƙashin kunne, wasu uku a dantse.

"Cizo ne," ta ce.

"Cikin gidan sauro muke kwana," in ji Khadija. "Gado ɗaya, mu uku. Duba hannuna. Duba na babanta. Wane irin cizo ne mai zaɓen mutum?"

Mata suka gyaɗa kai. Wata ta ce wannan ita ce tambayar.

Kulu ba ta yi boko ba, amma shekara takwas tana shara kusa da Dakta Opeyemi, Bayarabiyar da aka haifa a Kano, wadda ba ta iya aiki baki rufe ba. Ita ta taɓa kiranta ta leƙa madubin ƙara girma, ta nuna mata jakar yawun sauro, ta yi mata bayani da Hausa tsantsa.

"Duk ƙwaron da ke shan jini," Kulu ta ce, "kafin ya zuƙa sai ya tofa. Jinin mutum in ya sami ƙofa daskarewa yake ya toshe ta, shi ya sa yankan wuƙa ke tsayawa. To a cikin yawun ƙwaron Allah ya zuba sinadarai, wani ya hana jinin daskarewa, wani ya buɗe jijiya ta saki. Ya sha ya ƙoshi ya tafi, wurin kuma ya ɗan ci gaba da tsattsafo. Ga jininku na zanen gado. Kumburin nan da ƙaiƙayi, jiki ne ke faɗa da baƙon yawun. Wani jikinsa ba ya kulawa, a cije shi sau ɗari bai sani ba. Wani kuwa, irin Mufida, jikinsa ya tashi yaƙi har ya yi ƙuraje. Duk ku ukun ake ci. Ita kaɗai jikinta ke kai ƙara."

"Kun ji ko," wata ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Ta san yadda ake shan jini dalla-dalla."

Kulu ta dubi mai maganar. Wato sanin ma laifi ne. Da ta yi shiru a ce ba ta da ta cewa, da ta yi magana an ce ta san kan sana'a.

Ta miƙe. "Yawu kuke so ko? Zan nuna muku mai yawun. Sauro ba ya jera cizo haka. Yaushe kuka canja katifa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta nufi ɗakin Auwalu, mata suka dare mata hanya kamar wuta ce ta taho. Ta ɗaga labule, ta yaye zanen gado, ta kama gefen katifar ta tura babban yatsa cikin ɗinkin. Ga su nan maƙil, jajaye, sun ƙoshi, da ƙwayayensu farare da baƙin kashinsu. Kuɗin cizo. Ta murtsuke ɗaya, jini ya fito, warin nan nasu ya tashi.

Sai ta ji mutum a bayanta. Auwalu ne ya shigo ya saki labule.

"Inna," ya ce da raɗa, "don girman Allah ki rufa min asiri. Daga shagona katifar nan ta fito. Rabin lungun nan a wurina suka saya. In aka ji, na tashi daga kasuwa."

Ta juyo ta dube shi. "Ka san da su?"

Bai ɗago ba. "Shekaranjiya na gani. Na sayo magani, ina jiran su tafi unguwa in fesa."

"Shekaranjiya. Jiya kuma aka hana yara ɗibar ruwa in ina bakin rijiya, kana ji. Yau ka tsaya a bayan mata kana jira in tsallaka 'yarka."

"Na ɗauka za ki yi ne kawai a wuce wurin. Ki yi haƙuri, Inna. Ni zan san yadda zan kashe maganar a hankali."

Kulu ta tsaya da ƙwaron a yatsa. Ba ƙarya ya yi ba, shagon nan shi ne cinsu da shansu, har da kuɗin maganin Mufida. Rufin asiri kuwa abu ne da aka raine ta a kai, ta sha yi wa mutanen gidan nan ba tare da an roƙe ta ba. Amma shi wannan da ake roƙonta, da me za a ɗinka shi? Da fatarta. Magana kuma ba a kashe ta a hankali, a hankali girma take yi.

"Fita ka faɗa musu da bakinka," ta ce. "Ka ce kuɗin cizo ne kawai. Ban ce ka ambaci shago ba."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ba shi lokaci, har ta ji Malam Lawan na tambaya daga waje ko lafiya. Auwalu bai motsa ba.

Ta naɗe hannun riga, ta kama katifar ta ja ta har tsakar gida, ta kifar cikin rana, ta ɓare ɗinkin da hannu biyu. Ƙwarin suka watsu suna neman inuwa. Mata suka yi tsalle suna tattare zane. Khadija ta durƙusa tana kallo, bakinta a buɗe.

"Ki kai ta asibiti a wanke mata gyambon nan, a duba zazzaɓin," Kulu ta ce mata. "Gadon kuma a zuba masa tafasasshen ruwa."

Ba ta ce uffan game da shago ba. Ba a buƙaci ta ce ba. Wata daga cikin matan ta riga ta fara sosa wuya tana duban Auwalu, tana tambayar ta kusa da ita ko ba irin katifar da suka saya ba ce da azumi.

Malam Lawan ya ce to alhamdu lillahi, abu ya bayyana, sai a yi haƙuri a bar maganar. Kulu ta tambaye shi wa zai yi haƙurin. Ya yi kamar bai ji ba, ya juya ya fita.

Cikin mako biyu Mufida ta warke. Katifu huɗu aka mayar wa Auwalu, ciniki ya ja baya, Khadija ta daina gaishe da Kulu. Ba wanda ya zo ya ce mun zalunce ki. A bakin rijiya an daina janye yara, amma sabuwar magana ta fito: Kulu ba ta da rufin asiri, ta tozarta magidanci a gaban mata.

Da maganar ta iso kunnenta tana jan guga ne. Ta ƙarasa jan ruwanta, ta juye a bokiti, ta ce wa wadda ta kawo mata gulmar, "Wannan kam na yi. Ku riƙa faɗa da sunana."