Baitin Indabo

Habi tana durƙushe tana ɗaure wayar makirufo a ƙafar kujera sai ta ga inuwar mutum a kanta. Sanƙiran mawaƙin da zai yi wasa yau ne, wani dogo mai jan rawani, wanda aikinsa shi ne ya zagaya ya san mutanen da ke wurin kafin ubangidansa ya buɗe baki.

"Yarinya, 'yar gidan wa?"

Da ta tsaya ta yi tunani, da ta ce ita ma'aikaciyar rediyo ce kawai. Amma duk wanda ya tashi a Zongo, bakinsa ke amsa wannan tambaya kafin kansa.

"'Yar Malam Rashidu mai yadi, Baba."

"Mahaifiya fa?"

"Indabo. Ta rasu."

"Allah ya jiƙan ta. Wace Indabo? Ta unguwar Zangouettin?"

Ta ce ita ce. Ya gyaɗa kai ya wuce, ita kuma ta koma kan wayarta.

Malam Rashidu bai yarda 'yarsa ta shiga rediyo ba sai da sharaɗi. Sanarwa kawai za ta karanta: rasuwa, ɗaurin aure, ɓatan akuya. Kiɗa kuwa, ko kusa. Mutum ne da in mota ta wuce da waƙa yakan yi shiru har ta yi nisa, sannan ya ci gaba da ciniki. Habi ta ce ta ji, kuma har ga Allah ta yi niyyar cikawa. Sai dai gidan rediyon ƙarami ne, kuma Rasmata mai ɗaukar sauti Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Duk sanda wani babban mawaƙi ya sauka Wagadugu, wani attajiri ya kira shi gida ya yi wa mutane ƙalilan wasa, Habi ake haɗa ta da ita. Ta haka ta ga mawaƙan Kano da na Yamai da na Bamako kusa da kusa, suna gumi, suna faɗa da makaɗansu kan wanda ya cinye naman. Asirinta bai taɓa tonuwa ba, don manyan mutane ba sa kallon mai jan waya.

Yau Rafi'u Mai Gurmi ne, daga Damagaram, a falon Alhaji Baha'uddeen da ke unguwar Dapoya. Bayan la'asar aka fara. Tsoho ne ƙanƙani, hularsa ta fi kansa girma, amma da ya taɓa gurmi sai masu shan shayi suka ajiye kofuna. Ya wasa mai gida, ya wasa kakanninsa na Kano, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya, sanƙira na raɗa masa sunaye. Can sai ya sassauta kiɗan, ya juyo wajen kwanar da Habi take zaune da na'ura.

"Habi ta Rashidu, 'yar Indabo. Indabo ta Zangouettin, mai tuwon baƙi..."

Duk falon ya waiwayo. Tsohon ya ci gaba, ya daɗe a kan baitin, har wata dattijuwa ta share ido da gefen mayafi. Habi ba ta ji sauran ba. Fuskoki take bi ɗaya ɗaya, tana neman wanda ke salla a masallacin babanta. Ba ta ga kowa ba, sai ta ɗan samu numfashi. Ba ta tuna da direbobin da ke jingine a bayan taga ba.

Da aka tashi, sanƙiran ya ce mata, "Ubangidana yana saurayi ya sauka unguwarku, kafin a rushe ta. Ba shi da ko tabarma. Mahaifiyarki ta ciyar da shi damina guda."

Habi ta ce, "Allah sarki," tana naɗe waya da sauri.

Washegari ita ce da gyaran shirin. Ta buɗe sautin a kwamfuta, ta nemo inda sunanta ya fito, ta cire abin sauraro daga kunnenta. Da ido ta bi zanen muryar har inda kiɗa ya sake ɗagawa, ta yanke. Hannunta ya iya aiki, wurin ya haɗe sumul.

Rasmata ta leƙo ta kafaɗarta, tana haɗa Hausa da Faransanci. "Mais Habi, me kake yi? Wannan shi ne mai daɗi! Ni ban ji Hausa ba, amma na ji a nan." Ta dafa ƙirji.

"Ba ki san Baba ba."

"Bon. Ka ajiye na asali dai, au moins."

Habi ta san halin daraktan gidan rediyon. In shiri ya yi farin jini, yakan ɗauko na asalin ya sake sa shi dukansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ta goge shi daga kwamfutar, ta goge daga na'urar ɗauka. Rasmata ta faɗi wata magana da yarensu na Mosanci, ta fita ta bugo ƙofa.

Ran Lahadi da hantsi aka sa shirin. Habi ta dawo gida gab da azahar, ta tarar da takalma a bakin zaure. Tsofaffin Zangouettin ne, waɗanda rusau ya watsa su unguwa unguwa, har da wanda ya taso daga Gounghin a kan babur. Suna fitowa suna sallama ƙasa ƙasa, kamar masu barin gidan gaisuwa. A tsakiyar tabarma ga rediyon maƙwabci, ga butar shayi ta huce.

"Habi, zo," in ji Malam Rashidu daga cikin zaure.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Mamman direba ya ce ya gan ki a gidan Alhaji Baha'u."

"E, Baba."

"Wannan maganar za mu yi ta, ba yau ba." Ya murza carbi. "Ya ce mutumin ya ambaci mahaifiyarki. Ya ce ya daɗe a kanta, shi dai bai ji sosai ba saboda ƙarar injin sanyi. Na aika aka kira waɗanda suka san ta. Mun zauna tun daga farko har ƙarshe, ni da ban taɓa zama don kiɗa ba. Ko sai mako mai zuwa za ku sa ragowar?"

"Babu ragowa, Baba. Ni na yanke. Na ji tsoronka."

Ta jira faɗa. Da ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya dubi rediyon, ya miƙa hannu ya kwantar da eriyarsa a hankali.

"To, ba komai. Ai ke kina wurin." Ya gyara zama, ya matso da kunnensa mai ji. "Faɗa mini abin da ya ce."

"Ya ce, Indabo ta Zangouettin, mai tuwon baƙi."

"Haka ne. Wallahi haka take." Ya lumshe ido. "Sai me?"

Iyakar abin da Habi ta ji ke nan. Malam Rashidu bai buɗe ido ba, yana jira.