Bom a Ɗakin Baba Kefas

Rahmatu ta bugi ƙofar da kafaɗa ta buɗe, wani wari ya dake ta, kamar ruɓaɓɓen kifi da tafarnuwa. Baba Kefas na kwance kan tabarma cikin amansa, buhunan wake uku jingine a kansa.

"Baba, mi as same ka?"

"Kirji," ya ce da ƙyar. "Rufe kofa, 'yata. Karfin magani zai fita."

Tsohon nan maƙwabcinta ne a gidan haya, manomi daga wajen Kanya. Da 'yan bindiga suka ƙone masa rumbuna, waken nan kaɗai ya tsira da shi zuwa Zuru, shi ya sa yake kwana da shi a ɗaki. Jiya Gabriel dubagari ya leƙo, ya ga ƙwari a buhunan, ya ce ko dai a sa magani ko ya kwashe waken. Shi da kansa ya ba tsohon ƙwayoyin nan masu tururi da manoma ke kira bom, ya ce a toshe taga, amma bai ce masa kada ya kwana ciki ba.

Ta kama hannunsa ta ja, ya fi ƙarfinta, kanta kuma ya fara juyawa. Ta fito da gudu.

Gabriel na nan a zaure inda ta bar shi, zaune gaban ƙwaryar nononta. Tun da aka kore shanun yankin, madarar gari take damawa ta sayar, shi kuma kullum safiya sai ya zo gwaji. Gwajin nasa ludayi ne da baki. Rahmatu ta tsani yadda nonon ke maƙale masa a gashin baki.

"Dubagari, taso! Bom ɗin nan na ɗakin Baba zai kashe shi!"

Wata mai wucewa ta ji, ta yar da tulunta. "Bom! Bom a gidan haya!"

Kafin Rahmatu ta sake buɗe baki, layin ya hautsine. Mai shayi ya bar wutarsa, mata na jan yara, wani ya haura katanga ba takalmi. 'Yan sintirin unguwa suka iso da bindigogin toka, suka kora kowa bakin titi, suka gitta igiya.

"Ba wanga bom ba!" Rahmatu na ihu. "Na wake na! Maganin ƙwari! Ku bar ni in hiddo shi!"

"Hajiya, koma baya," in ji babbansu. "Baƙo ne, daga daji ya zo. Wa ya san abin da ya shigo da shi? Sai masu kwance bom sun iso."

Ta juya ta riƙe rigar Gabriel. "Kai kab ba shi. Gaya musu!"

Ya zare hannunta a hankali, ya goge baki. "Ni fa ɓangaren abinci nake. Wannan maganar tsaro ce."

Tsabar ƙyama ta sa ta tofar da yawu dab da takalminsa. Kalma ɗaya za ta buɗe igiyar nan, amma kalmar za ta tona shi, don haka ya haɗiye ta kamar yadda ya haɗiye nononta.

Daga bakin titi tana jin tarin tsohon. Da hantsi ya yi tarin ya ragu. Kafin azahar babu shi.

Sai bayan la'asar, da masu kwance bom suka duba, aka shiga. Mutanen cocinsu suka fito da shi naɗe cikin zanen gado, ƙafafunsa masu faso a waje. Rahmatu ta cire mayafinta ta rufe su.

Gabriel ya ɗaure hanci da hankici ya shiga da ƙwazo, sai ka ce yanzu aka ɗauke shi aiki.

"Waken nan ya gurɓace," ya sanar da ƙarfi. "Zan kai a ƙone."

"A wace tukunya?" in ji Rahmatu.

Ya ɗaure buhu biyu a bayan babur, ya ce zai dawo ɗaukar na ukun. Ɗaya ya huje a gindi, wake na zuba ɗaiɗai tun daga zaure har kwanar layi. Kajin unguwa suka bi sahun suna tsattsaga, Rahmatu na bin su da tsintsiya tana kora.