Takwarar Inna

Da Safara'u ta haifi 'ya mace, mijinta Nazifi bai yi shawara da kowa ba ya ce zai yi wa mahaifiyarsa marigayiya takwara. Mutanen garinsu Ƙofa suka yi ta sa masa albarka. Sai ana jibi suna, yana tsakar ba tumatirinsa ruwa, abin ya faɗo masa: shi fa bai san sunan uwar tasa ba.

Kar a yi masa dariya da yawa. Wane ɗa ne yake kama sunan uwarsa? Shi Inna ya tashi ya ji ana cewa. Mahaifinsa har ya koma ga Allah bai wuce "ke" ba. Maƙwabta kuma uwar Nazifi suke ce mata.

Ya wanke ƙafa ya nufi wurin Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifinsa, yana sosa ƙeya.

"Badi'a ne," in ji Baffa. "Ko kuwa Badiya? Kai, matar yayana ce fa, ina ni ina kiran sunanta!"

Nazifi ya hau babur sai Yako, wurin wata gwaggonsa. Ita ta rantse Badi'atu ne, amma da ya tashi tafiya ta biyo shi zaure ta ce kar ya kama ta da rantsuwar. Ya fito kansa ya fi na da ɗaurewa. Gwaggon ce dai ta tuna masa da Iya Turai ta Burumburum, wadda suka yi wasan ƙasa da Inna a tsohon ƙauyensu, tun kafin ruwan madatsar Tiga ya cinye shi.

Ya sami tsohuwar tana gyaran wake. Da ta ji abin da ya kawo shi sai ta ajiye faifan, ta kira sunan kamar mai shi tana bayan danga: "Badiyya!" Ta ce, "Ka ji yadda na riƙe tsakiyar? Haka ake faɗa. A duk ƙauyenmu ita kaɗai ce da shi." Nazifi ya ji hawaye ya cika masa ido. Bai iya maimaitawa a gabanta ba don kunya, ya dai ce ya riƙe.

Ranar suna ya raɗa wa liman sau ɗaya, shi ma da ƙyar. Liman ya faɗa wa maroƙi, maroƙi ya kwarara abin da ya ga dama. A cikin gida kuwa tun ranar yarinya ta zama Ummi, don ba mai kama sunan surukar gida.

Sai kuma sunan ya shiga ran mutane, wai baƙo ne, ga daɗin ji. Kafin shekara uku an sa wa yara biyar a unguwar, kowace uwa da yadda take kiran tata. Nazifi yana ji ana jan sunan ana lanƙwasa shi a bakin famfo, ransa yana ɓaci, amma ta yaya zai gyara musu ba tare da ya faɗa ba? A cikin haka Iya Turai ta rasu.

Shekarar da aka sa Ummi a firamare, ta dawo wata rana da rana tsaka, ta jefar da jaka.

"Baba, mu huɗu ne masu sunan nan a ajinmu, kowa da yadda ake kiranta. Malama ta ce in tambayo ka, wanne ne nawa na gaskiya?"

Ya waiga, ba kowa a tsakar gida. Ya durƙusa daidai kunnenta, ya buɗe baki. Iya Turai ta ce a riƙe wani wuri, wannan ya tuna sarai. Amma tsakiya ne ko ƙarshe? Ya gwada a zuci iri uku, kowanne ya zo masa da muryar tsohuwar.

"Baba?"

"Je ki ci abinci tukuna, Ummi."