Ƙugun Katako

Ni na fara gani, kafin likita, kafin danginta da suka zo daga baya suna share hawaye. Ina bakin shagona ina wasa zarto, Malama tana barandarta a tsallaken lungu, sai jaririn roban nan da take koyarwa da shi ya suɓuce daga hannunta ya faɗi ƙasa. Ta tsaya tana kallon yatsunta kamar na aro. Na ce a raina tafiya ta matso. Mutum irina da ya binne sa'o'insa kaf, ya tashi daga ciwon da har an fara rabon rigunansa, ba a koya masa wannan.

Malama ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da ungozomomi a makarantar asibiti. Da ta ajiye aiki, ɗalibai suka riƙa biyo ta gida da yamma. Ni na sassaƙa mata ƙugun mace da katako, tana zura jaririn a ciki tana nuna musu yadda haihuwa ke zuwa da yadda take ɓaci. Ban taɓa zama a aji ba, amma manyan likitoci sun shafa ƙugun nan sun tambayi daga wace ƙasa aka kawo shi.

A hankali baranda ta yi shiru, don yaran yanzu a waya suke kallon komai. Saura ɗaliba ɗaya da Malama ke jira, wadda take kira Gaggawa. An tura ta wani ƙaramin asibiti mai nisa, ba likita kusa. A can jariri ya zo mata ta ɗuwawu, ta tsorata ta ja shi, kai ya maƙale, aka rasa shi. Tun daga ranar ta kasa shiga ɗakin haihuwa, tana maganar barin aikin. Malama ta ce mata ta waya ta zo, abin na hannu ne, baki ba ya iya shi. Yarinyar ta yi alkawari, da zarar ta sami mai canjinta.

Hannun Malama ne bai yarda ya jira ba.

"Kafinta, wanke hannunka ka zo," ta ce da ni wata rana da la'asar.

"Ni? Da gemun nan nawa?"

"Ba gemun nake nema ba. Duk lungun nan hannunka ne kawai ba ya rawa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na je. Ta turo jaririn ta cikin ƙugun, ɗuwawu ya leƙo, ni kuwa na cafke na fizgo. Ta maka mini mafici a wuyan hannu, ta tambaye ni ko ƙusa nake cirewa. Ta sa na naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai laifi, ina kallo, har allon kafaɗa ya bayyana. Sannan a riƙe ƙashin ƙugun jaririn, ba cikinsa ba, bayansa na kallon sama. In ƙeya ta fito, a kwantar da shi a kan hannu, yatsu biyu a ƙashin kumatu, a sunkuyar da haɓa. Kullum da yamma muke yi, tana zagina ina ramawa. Masu wucewa suka sa mini suna Baba Ungozoma. Na ce su ci gaba, iyayensu ma sun yi mini dariya, yau suna ina?

Daga baya ko maficin ba ta iya ɗagawa. Sai ta jingina a kujera, idonta a bakin lungu. Duk motar da ta tsaya sai ta gyara ɗankwali.

Ranar da ta tafi, hantsi ne. Na tsallaka na same ta a kujerar, jaririn a cinyarta, ta naɗe shi da tawul har kai. Na zauna a gefenta na jima kafin na kira mutane.

Gaggawa ta iso bayan an watse daga zaman makoki, da jakarta a kafaɗa. Ta tsaya a baranda tana kallon ƙofa a rufe.

"Baba, na makara."

"Wanke hannunki," na ce. "Ta bar miki saƙo a nawa."

Na turo jaririn. Hannunta ya zabura, na ɗaga maficin, ta yi dariya da hawaye ta naɗe hannuwa a ƙirji. Muka yi ta yi har inuwa ta cinye lungun. Da safe ta koma bakin aikinta da jaririn a jaka. Ƙugun ya yi mata nauyi, ta bar shi.

Yana nan a shagona kusa da zarto, ina goge masa ƙura. Da yamma nakan fito da shi in ajiye a benci, ina fuskantar barandar. Duk mai ganin ƙarya nake, ya ƙulla tsumma kamar jariri ya zo da shi in nuna masa. Wuri ba ya wuya, rabin bencin ba kowa.