Romon Agwagwar Yaya Kim-ki

Tun daga bakin kududdufin kifinsu, Yueh-o ta jiyo ƙamshin citta da man riɗi daga gidanta, ta saki aikin ta nufi gida. Yau ce ranar shigowar sanyi, ranar da kowane gida a ƙauyen ke dafa agwagwa da saiwoyi don ƙara wa jiki ƙarfi. Kowane gida, ban da nata.

Mijinta Tien-fu ya shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda. Gwamnati ce ke biyan asibitin, amma ba ta biyan motar da ke kai shi birni, ba ta ɗaga masa komar kamun kifi yanzu da hannunsa na hagu, inda ake soka allurar, ya daina ɗaukar kaya. Rabin kududdufin da ya gada wajen ubansa ya riga ya koma hannun maƙwabci. Ruwan sha da ɗan ƙaramin kofin shayi Yueh-o take auna masa. Ganye sai ta tafasa ta zubar da ruwan, don likita ya ce abin da ke narkewa cikin romo shi ke tsayar da zuciyar mai irin ciwonsa.

Ta same shi a tsakar gida, kwano a gabansa an side shi tas. Yayarsa Kim-ki tana tsaye da ludayi.

"Yaya, kwano nawa ya sha?"

"Ji min mata! Ba sannu, ba gaisuwa? Uku ya sha, kuma zai ƙara. Dubi ƙanina, kin mayar da shi kamar busasshen kifi. Ko kare aka ba wannan ganyen naki sai ya yi ƙaura."

"Tun shekaranjiya ba a wanke masa jini ba! Ko fitsari ba ya yi. Ina kike so romon nan ya tafi?"

"Uwarmu da wannan romon ta raine mu, wa ya mutu? Likitocin nan naku injinsu kawai suke so ya yi ta juyawa."

Yueh-o ta juya kan mijinta. "Kai kuma, tsoho, ba ka da baki? Ba ka iya ce mata a'a?"

Tien-fu bai ɗago kai ba. "Ni na kira ta."

"Me ka ce?"

"Ni na ce ta dafa. Ƙishirwa nake ji, Yueh-o. Kullum ina zaune ina kallon ruwa har iyakar ganina, ke kuma ki miƙo min ɗan kofin nan kamar ana shayar da tsuntsu."

Ji ta yi kamar an mare ta. Shekara biyu ita ma lami take ci, don kada ya ga bambanci a kwanonta.

"Da ka gaya min mutuwa kake so, ai da ban sayar da gadon ubanka ba!"

Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya koma ya zauna daɓas, yana shafa leɓensa. "Bakina ya yi nauyi," ya ce a hankali. Numfashinsa ya fara fita da ƙara.

Ludayin ya suɓuce daga hannun Kim-ki. "Auta? Auta, mene ne? Bari in ba shi ruwa..."

"Ki taɓa butar nan ki gani!"

Yueh-o ta buga waya asibiti, ta faɗa musu abin da ya sha da yawansa, ba ta rage ba. Da motar asibitin ta iso aka ɗora shi, Kim-ki ta tsaya a ƙofa tana murza hannu, ta ce gara ta zauna ta kula da gida.

Yueh-o ta damƙe mata hannun riga. "A'a, Yaya, shiga. Ba ki taɓa zuwa ba ko sau ɗaya. Yau za ki zauna kusa da injin nan, ki ga yadda ake zare romonki daga jikinsa. In kuma ba mu isa da shi ba, ke za ki kira 'ya'yansa."

Kim-ki ta hau, ta zauna a gefen ƙaninta.